Ƙofar Ɗakin Dada

Federal Low-Cost, Gombe.
Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga Hammana Abdulrasheed,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Nana Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya ɗalibai, yaya ruwan saman Malesiya da ka ce ba ya gajiya? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya dawo mana da ku muna raye. Mu ma nan alhamdu lillahi. Maigidana Baban Ihsan yana lafiya, Ihsan ta shiga aji huɗu, bakinta ya riga tsayinta girma, ƙannenta ma suna nan ƙalau. Goggo Mairamu ta warke daga zazzaɓin nan, har ta koma faɗanta, wanda shi ne alamar lafiyarta. Mahaifiyarmu Dada kuma jikinta da sauƙi, in ban da gwiwar da hawan jinin da ka sani.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, alhali shekaranjiya muka yi waya. Sau uku ina niyyar gaya maka, da na ji muryarka sai in tsaya a gaisuwa da labarin zafin gari. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo maka ka karanta lokacin da kake da natsuwa. Maganar dai ita ce, Dada ta fasa zuwa ta zauna da mu a sabon gidanmu na Barunde. Ta ce ƙarshen watan nan, ranar da waɗanda suka sayi gidan gadonmu na Jekadafari za su karɓi makulli, za ta bi ƙanenta Kawu Zulkifilu ruga, can bayan Dukku. Kuma Hamma, ba laifin kowa ba ne, nawa ne. Ni na kore ta da hannuna, a kan takardar zanen gida, ina ganin gata nake mata.

Kai ba sai an ba ka labarin kunyar Dada ba, kai da kake ɗan fari, har gobe "wancan na Malesiya" take ce maka, kamar wani baƙon da ta taɓa gani a tasha. To ka kwatanta da ta suruki. Shekarata goma sha biyu da aure, ba ta taɓa kiran sunan Baban Ihsan ba, "mutumin gidanku" take cewa. Ba ta taɓa kai loma baki yana wuri ba. In ya je gaishe ta yana tsugune ne daga waje, tana amsawa ta bayan labule. Ranar sunan Ihsan wuni ta yi a ɗakin baya ko ruwa ba ta kurɓa ba, don kada uzuri ya kama ta ta ratsa falon da yake zaune da baƙi. Da maganar sayar da gida ta taso bayan rasuwar Baba, na ce ta zo wurina, kallon da ta yi mini kawai ya ishe ni amsa. A wajenta uwa a gidan suruki abin kunya ne da ba a wanke shi. Shekara guda ni da Goggo Mairamu muna lallashi, Goggo da faɗa, ni da kuka.

Abin da ya sa ta sauko shi ne zanen farko. Filin namu ka san shi, ƙafa hamsin da hamsin ne, ba wani abin kirki ba. Jesse, mutumin Kaltungo da ke mana zanen, ya lanƙwasa ginin ya bar 'yar tsakar gida ta baya. Ɗakin Dada yana can ƙarshe shi kaɗai, ƙofarsa tana buɗewa cikin tsakar gidan ta gabas, makewayinta yana waje taku shida daga ƙofa. Baban Ihsan kuwa ta gaba yake shiga, ta falo, ya wuce ɗakinmu, ba abin da zai kai shi baya sai in an yi masa iso. Na je Jekadafari na tsugunna a gabanta, na ɗauki tsinke na zana mata shi a ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Tambaya ɗaya ta yi, ta ina mutumin gidanmu zai riƙa shiga da fita. Na nuna mata. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Bayan mako guda sai ga Goggo a keke mai ƙafa uku da ƙulli biyu manya, ƙoren Dada ne, waɗanda ta zo da su daga ruga ranar aurenta, waɗanda ko mu ba ta barinmu mu taɓa. Ta ce in ajiye mata kafin a gama gini. Ranar nan sai da na yi sujadar godiya a tsakar falo.

Daga nan aka fara rage-rage, kuma wallahi kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai ba za ka ga aibinsa ba. Na farko mota. A zanen Jesse mota a waje za ta kwana, Baban Ihsan ya ce shi kam ya gaji, sau biyu ana cire masa batir a nan Low-Cost, ba zai gina gidansa ya ci gaba da kwana da kunne a titi ba. Gaskiyarsa ce. Aka tura ginin baya don mota ta shiga get, tsakar gida ta rasa ƙafa goma. Na ce ba komai, abin da ya rage ya ishi tabarma da kujera 'yar tsugunno. Na biyu ni ce. Shekara goma sha biyu ina girki a kicin ɗin da mutum biyu ba sa tsayuwa, buhun shinkafa a ƙarƙashin gadon yara, manja a bayan ƙofa. Na ce sai an faɗaɗa mini kicin an fitar mini da sito. Jesse ya ce fili ba ya miƙewa, sai dai in zaɓa, ko daga falo ko daga tsakar gida. Falo na maza ne, nan Baban Ihsan zai tarbi baƙinsa tunda ba zaure. Na zaɓi tsakar gida. Na tuna har dariya na yi, na ce Dada ai ba ƙwallo za ta buga ba.

Na uku shi ne wanda ya gama da mu, kuma daga tausayi ya fito. Ka tuna daminar bara da ta zame a hanyar makewayi da asuba, ta kwanta a cikin ruwa har sai da maƙwabciya ta ji nishinta? Ni na yi jinyar gwiwar nan wata biyu. Tun daga ranar na rantse ba za ta ƙara taka ƙasa mai santsi don zuwa makewayi ba, banɗakinta a cikin ɗaki zai kasance. Jesse ya zauna ya yi ta juya takarda. Banɗaki ba zai fuskanci alƙibla ba, ba zai ba ta baya ba. Ramin sokawe dole ya yi nesa da inda za a haƙa rijiya, wuri ɗaya ne kawai a filin ya dace da shi, ta gefen ɗakinmu. In ana son bututu ya tafi sak ba tare da ya riƙa toshewa ba, sai banɗakin Dada ya jingina da namu, bango ɗaya. Sai ɗakinta ya taso daga ƙarshen gida ya dawo kusa da namu. A sabon wurin kuwa, in an fitar masa da ƙofa waje, a kan murfin sokawe za ta buɗe, tsakaninta da katanga ƙafa uku. Baban Ihsan ya ce ga halin da ake ciki na ɓarayi, gara a rage ƙofofin waje. Ni kuma na ce ai ma ya fi, in wani abu ya same ta zan ji motsinta. Aka juyo da ƙofar ciki, cikin korido. Tana kallon ƙofarmu, taku uku.

Abin da ke ci mini rai, Hamma, an gaya mini. Jesse da ba Bafulatani ba ne, ba ma Musulmi ba ne, shi ya ajiye fensir ya ce Madam, a yi haƙuri, shi ya taso da Fulani a maƙwabtansu, ya san tsohuwa ba za ta so ƙofarta ta kalli ta surukinta ba, ko za a koma a tambaye ta. Na ce masa wannan zamanin da ne, yanzu lafiya ake dubawa, kuma uwata ce na fi shi saninta. Malam Iro birkila ma ranar da ake ɗora linta ya tsaya a koridon ya ce Hajiya, nan tsohuwa za ta riƙa bi? Na ce ya yi aikinsa. Ban koma na zana mata sabon tsarin a ƙasa ba. In gaya maka gaskiya, ba mantawa na yi ba, tsoro na ji. Na san in ta gani a ƙasa za ta ƙi, na yi zaton in ta gan shi a tsaye da fenti da tayil za ta haƙura. Ni malamar makaranta, mai koya wa 'ya'yan mutane tunani, wannan ce dabarar da na iya.

Asabar ɗin makon jiya na kai ta. An yi rufi, an yi filasta, an sa tayil, fenti ya rage. Baban Ihsan da gangan ya tafi wani wuri don ta sake. Muka je a keke, ni da ita da Goggo Mairamu. Muka shiga ta falo, tana dogara sandarta, muka bi korido. Ni sai zuba nake kamar dillaliya, ga tayil mai kaushi da ba ya santsi, ga ƙarfen da na sa aka kafa a bangon banɗaki don ta riƙa dafawa, ga tagar da na sa aka sauko da ita don ta ga waje daga kan gado. Ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta juyo, ta nuna ta gabanta da sanda ta ce wannan ta waye. Na ce tamu ce. Ta ce in tana son fita ta sha rana ta ina za ta bi. Na ce ta korido, ko ta falo ko ta ƙofar kicin. Ta ce duka biyun ta gaban wannan ƙofar ke nan. Na ce e. Sai ta shiga banɗakin ta ɗora tafin hannunta a bango, ta tambayi Goggo da Fulatanci, a hankali, ko ana jin zubar ruwa daga wancan gefen. Goggo ta kau da kai. Muka fita baya na nuna mata abin da ya rage na tsakar gida, wurin da ko tabarma ba ta shimfiɗuwa sai an naɗe gefe ɗaya. Ta ɗaga kai ta kalli ɗan sararin da ke tsakanin kwano da katanga. Ta ce gida ya yi kyau, Allah ya sa albarka, Allah ya sa a shiga a sa'a. Muka mayar da ita Jekadafari. Kwana uku bayan nan Goggo ta zo da saƙo, wai a mayar mata da ƙorenta.

Baban Ihsan, Allah ya saka masa da alheri, da na gaya masa ko gardama bai yi ba. Ya ce a fasa bango. Jesse ya zo da awonsa ya duba, bai ce da ni ai na gaya miki ba, wanda da ya faɗa ma da na fi jin sauƙi. Ya ce za a iya toshe ƙofar korido a fasa wata ta waje, a matsar da murfin sokawe, a zuba siminti a siririyar hanyar nan ta bi ta kai ta baya. Banɗakin kuma a ƙara masa bulo layi ɗaya don sauti. Baban Ihsan ya ce in ma hakan bai yi ba, mu mu koma ɗakin yara da ke can gefen falo, yara su dawo namu. Na tafi Jekadafari da gudu-gudu, ina ganin na samo magani.

Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce da tun farko da ƙofar aka gina gidan, ƙofar gida ce, ba wanda zai tambaya. Amma yanzu an gama gini an shafe, in aka kawo guduma aka fasa, duk mai wucewa zai ga sabon siminti ya san an fasa wa suruki gida saboda uwar matarsa, kuma ita ba ta da ƙafar da za ta taka wannan ƙofa ko sau ɗaya. Batun sauya ɗaki kuwa, ta ce in rufa mata asiri, ita ce za ta tashi magidanci daga ɗakinsa a gidan da ya gina da guminsa? Na yi kuka, na ce Dada ba wanda zai ce komai, shi da kansa ya kawo shawarar. Ta ce shi ya sa ma, mutumin kirki ne, ba a saka wa mutumin kirki da haka. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zarge ni ba. Abu ɗaya kawai ta ce da ya shafe ni, wai gidan da na zana mata a ƙasa ya yi mata, ta riƙa kwana da shi a ranta. Hamma, da mari ta yi mini da ya fi.

Yanzu ka duba inda za ta. Ka san rugar Kawu, daga kwalta sai an yi tafiya mai nisa a babur, da damina kuwa in rafin nan ya kawo sai a kwana biyu ba a haye ba. Duk wata nake kai ta asibiti a auna jininta, ni nake jera mata ƙwayoyin safe da na yamma don ba ta bambance su. A can wa zai yi? Matar Kawu mutuniyar kirki ce, amma shanu da tatsa da yara sun ishe ta. Makewayin da na guje mata na taku shida, yanzu bayan daji za ta riƙa zagawa da wannan gwiwa. Na tsaya gyara mata taku shida na jefa ta inda ba zan ji ko ta faɗi ba. Na je wurin Kawu ranar kasuwa na roƙe shi ya ƙi ɗaukarta, ya ce shi ba zai iya hana yayarsa shiga gidansa ba, kuma a ganinsa ma abin da ta yi shi ne daidai. Na nemi ɗakin haya kusa da mu, ta ce ba ta zama ita kaɗai a gidan baƙi kamar wadda ba ta haifa ba. Goggo ta ce ta zo wurinta, ka kuwa san gidan Goggo, ɗaki biyu mutum tara. Ba ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai ranakun da na ji haushinka. Da gidanka ne, ko ƙofarta a cikin falo take buɗewa ba abin da zai hana ta zama, uwa a gidan ɗanta take. Kai aka haifa don wannan, ni na shiga hurumin da ba nawa ba, na kuma ɓata. Filinka na nan ciyawa ta cinye shi, kullum sai ka ce baɗi. Na san ba da son ranka ba ne, na san kwantiragi da karatun yara, ka yafe mini wannan magana, amma gara in faɗa da in riƙe. Ba wani abu nake nema ka turo ba. Abu biyu nake roƙo. Ka kira Kawu ka yi masa magana a kan maganinta, kai yana jin nauyinka fiye da ni. Sannan ka faɗa mini lokacin da za ka dawo, na gaskiya, ba na kwantar da hankali ba. In shekara biyu ne ka ce biyu, in biyar ne ka ce biyar, in babu ranar ka ce babu. Goggo ta ce Dada ta tambaye ta, ba tare da ta kama suna ba, ko wancan ya taɓa faɗin ranar zuwa. Kada ka ce za ka lallashe ta a waya, ka san abin da za ka samu, lafiya lau, madalla, sai ta miƙa wa na kusa da ita.

Na ce da Jesse ya bar bangon yadda yake. Mu za mu tare farkon wata, don wa'adin wannan gidan ma ya cika. Ina shiga kicin ɗin nan mai faɗi da na yi ta faɗa a kansa, in tsaya a tsakiya in rasa abin da na zo yi. Ihsan ta tambaye ni ko za a ba ta ɗakin Dada tunda ba za ta zo ba, na daka mata tsawar da ba ta cancanta ba, daga baya na jawo ta muka yi kukan tare. Zanen farko yana nan a cikin akwatina, ban san me nake ajiye shi ya yi mini ba.

Jiya na mayar mata da ƙoren. Ta sa na kwance ƙullin a gabanta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa tana jerawa. Da ta zo kan 'yar ƙaramar nan mai ɗinki a baki, wadda ka sha fura a cikinta kana yaro har ka yar da ita ta tsage, sai ta riƙe ta ta daɗe. Ta miƙo mini ba ta kalle ni ba, ta ce wannan ba tata ba ce, ba za ta kai ta daji ba, in sa ta a ɗakin nan na Barunde in rufe, mai ita zai zo ya ɗauka. Na tsaya a Barunde a hanyar dawowa na ɗora ta a kan taga, na ja ƙofa. Duk abin da na rage da wanda na ƙara, shekara biyu ana gini, ita kaɗai ce ta tare a ɗakin Dada.

Ka gaishe mini da Anti Nana Hadiza da kyau, da Abdullahi da ƙanwarsa, ka ce ni Goggonsu ina kewarsu. Baban Ihsan yana gaishe ka, Goggo Mairamu da Kawu Zulkifilu ma haka, Ihsan ta ce a ce maka ta iya karanta Izu ɗaya. Dada ba ta ce in gaishe ka ba, ka san ba ta taɓa cewa ba. Ka sa mu a addu'a, ka sa ta fiye da mu. Allah ya sada mu da alheri tana da rai.

Ƙanwarka,
Fiddausi.